Ziyara Zuwa Abzin, Ƙasar Damo Mai Ƙayar Wutsiya

'Yan uwa ɗalibai, da wuya a sami wanda ya zauna ajin Hausa bai taɓa jin kirarin nan na "damo sarkin haƙuri" ba. Amma da za a ce wanda ya taɓa ganin damo ido da ido ya ɗaga hannu, kaɗan ne za su ɗaga. Ga shi kuma a 'yan shekarun nan wayoyin hannu sun cika da hotunan Turawa riƙe da wani ɗan damo ja ko ruwan ɗorawa, suna miƙa masa fure yana karɓa, har wasunku sun fara tambayar inda za su samo nasu su ajiye a gida kamar yadda ake kiwon zomo ko tattabara. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, wannan damon da ake yayi a Amurka da Turai maƙwabcinmu ne. Gidansa yana arewacin Nijar, cikin duwatsun Abzin.

Can muka je a watan Oktoba, bayan ɗaukewar damina, mu bakwai daga sashen nazarin halittu tare da malaminmu. An ce gani ya kori ji, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku abin da muka gano, musamman ku masu sha'awar kiwonsa.

Suna ɗaya, dabba biyu

Tun kafin mu tashi malam ya warware mana wani ruɗani. Damon da manoman ƙasar Hausa suka sani a gonaki, mai dogon wuya da harshe mai baki biyu, ɗan uwan guza ne, kuma maci nama ne: fara, ƙwaro, katantanwa, ƙwai, duk yana haɗiyewa. Na hamada daban yake. Gajere ne, tsawonsa da kaɗan ya wuce rular aji mai santimita 30, kansa dunƙule kamar na kunkuru, cikinsa faffaɗa, wutsiyarsa kuma jere take da zobban ƙaya tun daga tushe har ƙarshe. Abincinsa ganye ne da fure da 'ya'yan tsirrai. Danginsa ne Larabawa ke kira dabbu, wanda malamanmu kan fassara da damo. Masana kuwa sun ba dangin suna Uromastyx, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin wutsiya da bulala. Irin da ke Abzin shi ne Uromastyx geyri, wanda wani Bajamushe mai suna Lorenz Müller ya bayyana wa duniyar kimiyya a 1922. Ana samunsa a Nijar da arewacin Mali da kudancin Aljeriya.

Ku riƙe wannan bambanci, domin wanda ya ɗauki na hamada a matsayin na gona, nama zai riƙa ba shi, kuma naman ne zai zama ajalinsa.

Daga Kano zuwa Agadas

Mun bi ta Daura muka ƙetare iyaka, muka ratsa Matamaye muka kwana a Damagaram. Daga nan zuwa Agadas tafiyar kimanin kilomita 450 ce, ta Tanut da Adarbisnat. Wanda ya sa ido ta taga zai ga darasin labarin ƙasa a buɗe. Kuka da gawo suna raguwa, gonakin gero suna sirancewa, bayan Tanut kuma sai su ɓace gaba ɗaya, a bar ka da aduwa da tumfafiya da gajerun itatuwan ƙaya, sai garken raƙuma jefi-jefi. Ruwan da ake samu a Agadas duk shekara bai cika kai milimita 200 ba, alhali Kano na samun ninki huɗu na haka ko fiye.

Abin da ya fara yi mana maraba a Agadas shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa zalla mai tsawon mita 27, da itatuwa tsire a jikinta ta kowane gefe. Tarihin masallacin yana komawa wajajen 1515, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Ba mu ji baƙunci ba, don Hausa ce ake ciniki da ita a kasuwa. A nan muka sanar da hukuma inda muka dosa, muka kuma sami jagora, wani dattijo Ba'abzine, saboda duwatsun ba wurin da baƙo zai kutsa shi kaɗai ba ne.

Daga Agadas zuwa Timiya bai fi kilomita 220 ba, amma wuni guda muka yi, mota tana faɗawa rairayin ƙorama tana hawa tsakuwa. Duwatsu baƙaƙe ƙirin suka kewaye mu, wasu kamar an ƙona su, kuma gaskiya ne wasunsu aman wuta ne ya bar su tun da daɗewa. A cikin Abzin ne tsaunin da ya fi ko'ina tsawo a Nijar yake, a kan tudun Bagazam, mita 2,022. Gabashin duwatsun da wani yanki na hamadar Tenere kuwa gandu ne na kare namun daji mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 77,000, wanda UNESCO ta amince da shi tun 1991.

Da yamma sai ga Timiya ta ɓullo kamar mafarki: lambuna kore shar na dabino da lemo da rumman a gindin baƙin dutse, ana ja musu ruwa daga rijiyoyi. Amma ba lambu ya kawo mu ba. Jagoranmu ya nuna mana wani gangare mai tarin duwatsu can nesa da gari, ya ce mu kwanta da wuri.

Yinin damo

Da asuba sanyi ya sa kowa ya nemi rigarsa mai kauri. Muka zauna bayan wani dutse, aka hana mu magana da motsi. Ƙarfe bakwai ta wuce, takwas ta wuce, ba komai. Wani daga cikinmu ya fara ƙunƙuni, dattijon ya juyo ya ce, "Samari, kun zo wurin sarkin haƙuri ba ku taho da naku ba?"

Wajen ƙarfe tara, da rana ta fara cizo, sai wani ɗan kai ya leƙo daga tsagar dutse. Ya daɗe a haka kafin ya jawo jikinsa waje. Launinsa duhu ne, kusan ɗaya da dutsen. Ya baje cikinsa, ya juya bayansa ga rana, ya yi lamo. Muna kallo launin ya riƙa washewa, har jan lemo ya bayyana a gefen jikinsa da ƙafafunsa. Malam ya raɗa mana dalili: jikin damo ba ya samar da ɗumin kansa kamar namu, daga waje yake aro. Duhun fata na saurin zuƙar zafi, shi ya sa yake fitowa da shi da safe, idan ya ɗumama kuma sai ya yi haske don kada zafin ya yi masa yawa. Da hantsi ya dubi ludayi muka auna saman wani dutse kusa da mu, ma'aunin zafi ya nuna ya haura digiri 50. Hannunmu ba ya iya daɗewa a kai, shi kuwa gogan a kan irinsa yake kwance.

Sai da ya ƙoshi da rana sannan ya sauka kiwo. Ya bi 'yan tsirran da damina ta bari a bakin ƙorama yana tsinkar ganye, ya tsinci furen itacen ƙaya da ya zubo, ya taune busassun 'ya'yan ciyawa. Bai yi nisa da tsagarsa ba ko sau ɗaya. Da inuwar wani tsuntsu ta gifta, kafin ƙiftawar ido ya shige. Muka matsa muka leƙa: ya cusa kansa can ciki, ya kumbura jikinsa da iska har ya manne da dutsen, ya bar wutsiyar nan mai ƙaya a bakin ƙofa. Duk mai son jawo shi sai dai ya kama ƙaya. Wutsiyar ba ta gutsirewa kamar ta tsaka, makami ce da yake kai duka da ita.

Tsakar rana, da zafi ya kai maƙura, ba mu ƙara ganin ko ɗaya a waje ba. Sun koma ƙarƙashin dutse, inda ke da sanyi-sanyi. Ashe sirrin ba zafi kawai ba ne, zaɓi ne: ga wuri mai zafi, ga mai sanyi, yana kai da komo tsakaninsu gwargwadon buƙatar jikinsa.

Kwana uku muka yi muna wannan gadi, ba mu ga damo ya sha ruwa ba. Daga ganyen da yake ci yake samun kusan duk ruwan da yake buƙata, kuma jikinsa ba ya ɓarnarsa. Fitsarinsa ma ba ruwa ba ne, wani farin abu ne kamar alli da ke fita tare da kashi. Tsirran hamada suna da gishiri da yawa, don haka Allah ya hore masa hanyar fitar da gishirin ta hanci. Idan kun ga farin gari a bakin hancinsa, ba ciwo ba ne. A cikin hanjinsa kuma akwai ƙwayoyin halitta da ke narka masa ganye, waɗanda ba sa aiki sosai sai jiki ya yi zafi. Damon da bai sha rana ba, ko ya ci abinci, abincin zama zai yi a cikinsa. Idan hunturu ya kankama, sai ya lafe a maɓoyarsa ya rage ci da motsi, yana rayuwa da kitsen da ya tara, har ɗumi ya dawo.

Wanda muka tarar cikin bokiti

A hanyar dawowa mun sake yada zango a Damagaram. A gidan da muka sauka akwai wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare. Da ya ji daga inda muke, ya ruga ɗaki da murna ya ɗauko wani bokiti. A ciki akwai damon hamada, wanda wani direba ya kawo masa tsaraba wata biyar da suka wuce. Yaron yana son dabbar nan ƙwarai. A ƙuryar ɗaki yake ajiye shi kusa da randa don kada rana ta dame shi, ya sa masa gwangwanin ruwa, yana raba shinkafarsa da naman miyarsa da shi.

Da malam ya ɗaga shi, jikinmu ya yi sanyi. Launinsa ya dushe, gindin wutsiyarsa ya motse, ƙafafun gaba sun lanƙwashe, haɓarsa ta yi laushi. Yaron ya ce, "Malam, ai ba ya damun kowa, ko motsi ba ya yi." Malam ya ce masa, "Ɗana, rashin motsin nan shi ne kukansa."

Nan muka fahimci kirarin ta wata fuska. Akuya idan ta ji yunwa za ta cika gida da kuka, kaza marar lafiya kowa zai ga ta saki fiffike. Damo ba shi da murya. Yana iya yin watanni yana mutuwa sannu a hankali, mai shi na yaba masa haƙuri. Yaron nan bai rasa tausayi ba, sani ya rasa. Washegari muka taya shi gyara wani lungu a tsakar gida inda rana ke faɗawa, malam kuma ya faɗa wa mahaifinsa ya kai dabbar wurin likitan dabbobi. Ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa, amma ana iya tsayar da ciwon.

Idan har yana hannunka

Wanda damo ya riga ya shigo hannunsa, aikinsa shi ne ya gina masa ƙaramin Abzin.

Na farko, wuri. A ƙasashen sanyi akwatin da masu kiwo ke amfani da shi ba ya gaza santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi, ga damo ɗaya tak. Mu da Allah ya ba rana kyauta, ɗan shinge a tsakar gida ya fi akwati. A yi bangon da santsin siminti don kada ya hau, a nutsa tushensa cikin ƙasa domin gwanin tono ne, a rufe sama da ragar waya saboda kyanwa da shaho. Kada a haɗa maza biyu wuri ɗaya, faɗa za su yi ta yi har ɗaya ya daina ci.

Na biyu, zafi da inuwa tare. A sa faffaɗan dutse inda rana ke duka tun safe, wanda samansa zai kai digiri 50 ko ya ɗan haura. A ɗaya gefen a yi masa maɓoya mai duhu wadda zafinta bai wuce digiri 30 ba, matsattsiya yadda bayansa zai taɓa rufinta. A dasa duwatsun su zauna daram a ƙasa, don kada ya tona ƙarƙashinsu su danne shi. Barin sa a rana cikin bokiti ko kwano ba tare da mafaka ba kisa ne cikin ɗan lokaci.

Na uku, hasken rana kai tsaye. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana kiransa UVB. Da shi fatar damo ke haɗa bitamin D, wanda ke ba jiki damar ɗaukar sinadarin kalsiyam ya gina ƙashi. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka ajiye shi bayan taga daidai yake da ajiye shi a duhu. Rashinsa ne ya lanƙwasa ƙafafun damon yaron nan. Turawa fitilu na musamman suke saya masu tsada, su kunna wajen awa goma sha biyu kullum. Wanda zai dogara da fitila a nan, sai ya fara tambayar kansa awa nawa ake samun wuta a unguwarsu.

Na huɗu, abinci. Ɗanyen ganye kala-kala kowace safiya bayan ya ɗumama: zogale, ganyen wake, rama, da ɗan gurzajjen kabewa ko karas. Ana iya ƙara ɗan gero kaɗan sau ɗaya ko biyu a mako. Alayyafo da yakuwa a taƙaita su, saboda suna ɗauke da sinadarin da ke riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana da shi. A wanke ganyen sosai, a tabbata ba daga gonar da aka yi wa feshi ya fito ba. Ban da nama, ban da tuwo da shinkafa da duk abin da aka dafa da mai ko gishiri, domin nama yana lalata masa ƙoda.

Na biyar, bushewa. Wannan shi ne babban ƙalubale a ƙasarmu. Laimar watan Agusta a Kano ko Zariya ba abin da jikinsa ya sani ba ne, tana jawo masa ciwon numfashi da ruɓewar fata da wutsiya. A rufe rabin shingen da kwano, a ɗaga ƙasarsa yadda ruwa ba zai kwanta ba. Ba ya buƙatar kwanon ruwa a gefensa kullum matuƙar yana samun ɗanyen ganye.

Sai tsafta. Dabbobi masu jan ciki suna iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, mai sa zazzaɓi da gudawa. A wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, kada a bar ƙananan yara su kai shi baki, kada kuma a ɗaga shi ta wutsiya.

Akwai kuma lissafin da ya kamata kowa ya yi. Damon da ya sami kulawa yana iya kai shekara goma sha biyar zuwa ashirin. Ɗalibin da ya karɓe shi yana aji uku zai gama sakandare, ya gama jami'a, watakila har ya yi aure, damon na nan yana jiran ganyensa na safe. Wa zai kula da shi idan ka tafi makarantar kwana?

Daga tsagar dutse zuwa kantin Turai

Jagoranmu ya nuna mana wasu tsagogi da aka ɓamɓare da ƙarfe. Tun da can mutanen hamada kan kama damo jefi-jefi don ci ko don magani, amma kamun da ake yi domin fatauci ya fi wannan nisa. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a kantunan dabbobi na Amurka da Turai, har da sunan Nijar a jikin akwatinsu, daga daji aka kamo su. Wasu ma ta ƙasashen bakin teku kamar Gana da Togo da Benin ake fitar da su, inda irinsu ba ya rayuwa a daji. Ba duka ke isa da rai ba.

Damo ba ya yaɗuwa kamar ɓera. Sai ya yi 'yan shekaru kafin ya isa haihuwa, macen kuma sau ɗaya take yin ƙwai a shekara. Idan aka kwashe manyan da ke gangare ɗaya, za a daɗe kafin wurin ya farfaɗo. Shi ya sa tun 1977 aka sa dukkan dangin Uromastyx cikin yarjejeniyar CITES, wadda ta hana ƙetare iyakar ƙasa da su ba tare da takardar izini ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta lissafa na Abzin cikin dabbobin da ke dab da shiga barazana. Duk wanda ya saya, ya aika saƙo ke nan a je a kamo wani. Wanda kuma yake da shi ya gaji, kada ya sake shi a dajin garinsu, damina ɗaya za ta gama da shi. Ya nemi shawarar ma'aikatan gandun daji ko likitan dabbobi.

Ga masu sha'awar irin waɗannan halittu, ga aikin da ba ya cin ko sisi. Gobe da safe ku dubi katangar makarantarku. Ƙadangaren da ke kanta dangin damon hamada ne na nesa, kuma shi ma da rana yake fara yininsa. Ku ɗauki littafi ku rubuta ƙarfe nawa yake fitowa, wane gefen katanga yake zaɓa, yaushe launin jan gwada ke ƙara haske, ina yake shiga da tsakar rana. Ku yi haka mako biyu, ku kwatanta ranar hazo da ranar da gari ya waye tas, sannan ku kai wa malamin kimiyya ku tattauna a aji. Yawancin abin da muka koya a Abzin da irin wannan zama muka koye shi, da littafi a cinya, dabbar kuma tana gidanta.